Ba Kowane Addini Ne Ya Yarda da Mahalicci Ba, Mu Daina Faɗa wa Yara Haka

A wajen wata walimar saukar Alƙur'ani a nan cikin birnin Katsina, malamin da aka gayyato ya yi nasiha ya faɗi wata magana da ƙarfin murya, jama'a suka ɗauki kabbara. Ya ce duk faɗin duniya babu wani addini, komai ɓatansa, da bai yarda akwai Mahalicci ba, bambancin kawai shi ne wasu sun haɗa Shi da wani, mu kuwa mun kaɗaita Shi. Bayan an shafa fatiha ana rabon abinci, wani saurayi da ya yi karatun haɗa magunguna a Indiya ya matsa kusa, ya durƙusa, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, a garin da na zauna akwai mutanen da ke da addininsu da ɗakin ibadarsu, amma sun ce duniya ba wanda ya halicce ta.” Kafin malam ya buɗe baki wani dattijo ya tare shi: “Kai yaro, rufe mana baki. Abin da aka tura ka koyowa ke nan?” Yaron ya sunkuyar da kai, ya ja da baya.

Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron gaskiya ya faɗa, kuma cikin ladabi ya faɗe ta. Ba kowane addini ne ya yarda da Mahalicci ba. Akwai manyan addinai masu ɗaruruwan miliyoyin mabiya da ba su koyar da cewa wani ne ya yi sama da ƙasa. Ni Musulmi ne, na yi imani Allah ne Ya halicci komai, kuma ina ganin waɗancan sun yi kuskure babba. Amma kuskurensu bai ba ni izinin in ƙirƙira musu aƙidar da ba tasu ba. Imaninmu ba ya bukatar a tallafe shi da maganar da ba haka take ba, kuma ranar da yaro ya gano an gaya masa ba daidai ba a wannan, zai fara tambayar sauran abin da aka gaya masa.

Dalilin da ya sa muke zaton haka

Ban ga laifin wanda ya ɗauki maganar malamin da gaske ba, saboda duk inda Bahaushe ya waiwaya abin da yake gani ke nan. Maƙwabcinsa Kirista ya yarda Allah ne ya halicci duniya. Bayahuden da yake jin labarinsa a tafsiri haka. Bayarabe mai bin addinin gargajiya yana da Olodumare, Inyamuri yana da Chukwu. Ko Maguzawanmu na wajen Malumfashi, wanda duk ya taɓa ciniki da su a kasuwa ya san Allah ba ya barin bakinsu. Bamaguje zai yi yanka saboda iskoki, ya kai wa bori abin da ya nema, amma in ka tambaye shi wa ya yi sama zai ce maka Allah, har ya yi mamakin tambayar. A tatsuniyar tarihin Daura ma, macijin Kusugu ya hana mutane ɗiban ruwa, an ji tsoronsa, amma ba wanda ya taɓa cewa shi ya halicci garin.

Saboda haka mutumin da bai taɓa fita daga wannan yanki ba yana da uzuri in ya ɗauka ko'ina haka abin yake. Sai dai duniya ta wuce Afirka ta Yamma da ƙasashen Larabawa. Fiye da rabin mutanen duniya a nahiyar Asiya suke, kuma a can lamarin ya sha bamban.

Abin da su da kansu suke faɗa

Mu fara da mutanen da saurayin nan ya zauna da su, wato mabiya addinin Jain. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna sun kai kimanin miliyan 4.5. Daga baya na zauna da saurayin ya ba ni labarin mai gidan da ya ba shi haya. Mutumin ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, ba ya cin albasa da tafarnuwa da dankali, saboda a ganinsu tono abin da ke cikin ƙasa yana kashe ƙananan rayuka. Ba ya cin abinci bayan faɗuwar rana. Yana azumi, yana sadaka, yana zuwa ɗakin ibada da sassafe. Wasu daga cikin malamansu suna rufe baki da ƙyalle, suna share inda za su taka don kada su murƙushe ƙwaro. Duk wanda ya ga wannan takatsantsan zai rantse mutumin tsoron wani Ubangiji yake ji. Amma a aƙidarsu duniya ba ta da farko, ba ta da ƙarshe, ba wanda ya yi ta, ba wanda zai tashe ta. Jagororinsu 24 da suke girmamawa, wanda na ƙarshensu shi ne Mahabira, mutane ne da suka tsarkake ransu suka kuɓuta, ba masu halitta ba ne, ba kuma masu amsa roƙo ba. Tun a ƙarni na 9 wani malaminsu mai suna Jinasena ya rubuta hujjoji yana musun samuwar mahalicci. Sun san tambayar sarai, kuma sun amsa ta da a'a.

Sai addinin Buda, wanda mabiyansa suka haura miliyan 300, kuma shi ne addinin mafi yawan mutanen Tailan da Myanmar da Siri Lanka da Kambodiya. Wanda ya kafa shi, Siddata Gotama, wanda ake kira Buda, an haife shi a Lumbini da ke ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Koyarwarsa ta tsaya ne kan wahalar rayuwa, da sababinta, wato kwaɗayi da jingina rai ga abin da ba ya dawwama, da hanyar fita daga cikinta. A wurinsu kowane abu yana faruwa ne saboda wani sababi da ya gabace shi, shi ma saboda wani, haka sarƙar take tafiya baya ba tare da an iso ga wani na farko ba. Mutum ya mutu a sake haifarsa gwargwadon aikinsa, har ranar da ya tsinke wannan zagaye.

Akwai wani labari a tsofaffin littattafansu da ya kamata duk mai musun maganata ya ji. Sun ce idan duniya ta naɗe ta sake buɗewa, wani mahaluƙi yakan riga kowa bayyana a wata sama da ba kowa cikinta. Ya daɗe shi kaɗai, kaɗaici ya ishe shi, ya yi fatan samun abokan zama. Can sai wasu suka bayyana, saboda nasu aikin ya kawo su. Shi sai ya ɗauka fatansa ne ya samar da su, ya ce shi ne mahalicci. Su kuma da suka tarar da shi a wurin sai suka gaskata. Wannan labari nasu ne, kuma ma'anarsa a fili take: suna ganin imani da mahalicci ruɗu ne. Na ƙi wannan magana da dukkan zuciyata. Amma ta yaya zan karanta ta sannan in tashi a gaban jama'a in ce mutanen nan sun yarda da Mahalicci?

Addinin Hindu, mai mabiya sama da biliyan ɗaya, ba a yi masa kuɗin goro. Mafi yawansu sun yarda da wani Ubangiji maɗaukaki ta fuskoki daban-daban, amma a cikin tsofaffin mazhabobinsu akwai irin su Sankiya da Mimansa da suka gina bayaninsu ba tare da mahalicci ba. A ƙasar Sin, Dao da mabiyansa ke magana a kai hanya ce da komai ke gudana a kanta, ba wani mai nufi da iko da ya ce “kasance” ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai mabiya Sikh, waɗanda jagoransu Guru Nanak aka haife shi a 1469, da suka tsaya kan Ubangiji ɗaya mahalicci. Ke nan a Asiya ma kowane addini da nasa matsayi, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

“To ai Alƙur'ani ya ce in ka tambaye su za su ce Allah”

Wannan ita ce hujja mafi nauyi da za a kawo mini, kuma ba na wasa da ita. A Suratu Luƙman aya ta 25, da Suratuz Zumar aya ta 38, Allah Ya ce idan ka tambaye su wa ya halicci sammai da ƙasa, lalle za su ce Allah. Gaskiya ne. Amma su wa ake nufi? Mushirikan Larabawa ne da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake fuskanta, masu bauta wa Lata da Uzza suna cewa don su kusantar da su ga Allah ne. An kafa musu hujja da abin da suka riga suka amsa da bakinsu. Ayar ba ƙidayar addinan duniya take yi ba.

Alƙur'anin nan kuma shi ne ya ba mu labarin wasu daban. A Suratul Jasiya aya ta 24 ya kawo maganar masu cewa babu komai sai rayuwarmu ta duniya, muna mutuwa muna rayuwa, kuma ba abin da ke halaka mu sai zamani. Ya kawo Fir'auna yana tambayar Annabi Musa mene ne Ubangijin talikai. A Suratuɗ Ɗur ya tambayi masu musu ko an halicce su ne ba daga komai ba, ko kuwa su ne masu halittar. Ba a yi wa mutum irin wannan tambaya sai in akwai musu a ƙasa.

Sai maganar fiɗira. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa kowane jariri ana haifarsa a kan fiɗira, iyayensa ne ke mayar da shi Bayahude ko Banasare ko Bamajuse. Na yi imani da haka. Ina ma ganin alamarsa a wurin talakan ƙasar Buda da in ɗansa ya kwanta ciwo yakan ɗaga hannu ya roƙi wani abu da ya fi ƙarfinsa. Amma hadisin da kansa ya nuna tarbiyya tana rufe fiɗira. Abin da ke binne a zuciyar mutum daban, abin da addininsa ke karantarwa daban. Malamin walima ba cewa ya yi kowane ɗan Adam an halicce shi da shirin sanin Allah ba, da ba wanda zai ja da shi. Cewa ya yi kowane addini ya yarda, kuma nan ne maganar ta kauce.

Wani zai ce ai mun gani a talabijin suna rusuna wa gunkin Buda, suna kunna masa turare, wannan ba shi ne allahnsu ba? Rusunawar tana nan, kuma a shari'armu haramun ce ko wa aka yi wa. Suna ma da wasu halittun sama da suke ambato. Amma a koyarwarsu su ma waɗannan mutuwa suke yi a sake haifarsu, kuma shi Buda mutum ne da ya gano hanya ya nuna ta, ya mutu yana da shekara 80. Bauta wa abu daban, cewa shi ya halicce ka daban. Mai bori ma yana durƙusa wa iska, bai taɓa cewa ita ta yi shi ba.

Akwai kuma masu kauce wa tambayar da cewa to waɗannan ba addinai ba ne, falsafa ce kawai. Wannan gudu ne daga magana. A Tailan kullum da asuba malamansu masu rawayen mayafi suna fitowa da ƙoƙo a hannu, mutanen unguwa suna zuba musu abinci don neman lada, kusan yadda almajirai ke zagaya gidajenmu. Da wannan tafarki suke binne mamatansu ko ƙona su, da shi suke rantsuwa, saboda shi suke gina ɗakunan ibada da dukiyarsu. Tsarin mulkin Siri Lanka na 1978 ya ba addinin Buda matsayi na gaba a ƙasar. Idan muka ce duk wanda bai yarda da Mahalicci ba ba addini ba ne, sannan muka dawo muka ce duk addinai sun yarda da Mahalicci, ba mu tabbatar da komai ba, mun kori shaidun da ba su yi mana daɗi ba ne kawai.

Malamanmu na da ba su ɓoye wannan ba

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wannan ilimi ba baƙo ba ne a gidanmu. Duk wanda ya zauna a zaure a Katsina ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ya san inda malamin ya ce hujjar samuwar Allah ita ce faruwar duniya, wato ba ta kasance tun azal ba. Da wa yake jayayya a nan? Da masu cewa duniya ba ta da farko. Da ba a san da su ba, da bai ɓata tawadarsa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ambaci Dahariyya da sunansu, masu cewa duniya haka take tun fil azal ba tare da mai yi ba.

Albiruni ya koyi harshen Sansikirit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, yana kawo maganarsu yadda suka faɗe ta. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya tsara addinai da ƙungiyoyi a Almilal wan Nihal, ya ambaci mabiya Buda a ciki. Barmakawa da suka riƙe wazirci a zamanin Haruna Rashid, kakanninsu masu kula da ɗakin ibadar Buda ne a Balkh. Musulmin farko sun yi maƙwabtaka da mutanen nan, sun yi muhawara da su ido da ido.

A cikin littattafan aƙida ana ruwaito abin da ya faru da Jahamu ɗan Safwan, wanda aka kashe a shekara ta 128 bayan hijira. Wasu da ake kira Sumaniyya, waɗanda masana ke dangantawa da addinin Buda, suka tare shi da tambayoyi: ka taɓa ganin Ubangijinka, ka ji muryarsa, ka taɓa shi? Ya rikice har aka ce ya yi kwana 40 bai san wa zai bauta wa ba, kuma amsar da ya ƙirƙiro daga baya ta zama fitina a cikin al'umma. Mutum ne mai kaifin baki, amma ya gamu da tambayar da ba a shirya shi a kanta ba. Wannan labari nake tunawa duk lokacin da na ga an kori yaro da tsawa maimakon a ba shi amsa.

“Ina ruwanmu, ga yunwa ga 'yan bindiga?”

Na san wannan ma za a faɗa, kuma ba na raina halin da mutanen Batsari da Jibiya da Ƙanƙara suka shiga. Amma yaranmu ba a ƙauyen da babu hanya suke zaune ba. 'Yan kasuwarmu suna zuwa Guangzhou sarin kaya. Marasa lafiyarmu suna kwanciya a asibitocin Indiya, wani lokaci likitan da zai yi musu aiki Jain ne. Ɗalibanmu suna Malesiya suna zama aji ɗaya da 'yan asalin Sin mabiya Buda. Wanda ma bai taɓa wuce Funtua ba yana da waya a aljihu, kuma cikin minti biyu a YouTube zai ji Dalai Lama, babban jagoran mabiya Buda na Tibet, da bakinsa yana cewa addininsu bai yarda da mahalicci ba.

Ka duba yaron da tun yana Islamiyya ake gaya masa babbar shaidar samuwar Allah ita ce kowa a duniya ya yarda. Ranar da ya ji akasin haka, me ya rage masa? An ɗora masa imani kan yawan masu goyon baya, alhali Alƙur'ani kan duba da tunani ya ɗora shi: raƙumi yadda aka halicce shi, sama yadda aka ɗaukaka ta, sauyawar dare da rana. Hujjar Sanusi tana nan daram ko mutum biliyan sun ƙi ta. Wadda ke rushewa ita ce ta “kowa ya yarda”, kuma mu muka miƙa wa yaron ita.

Kada kuma a ce ina wanke mabiya Buda. Ban manta da Musulmin Rohingya sama da 700,000 da aka kora daga Myanmar zuwa Bangaladash a 2017 ba, da kuma wasu malaman Buda da suka hura wutar ƙiyayyar. Faɗin abin da mutum ya yi imani da shi daidai ba yabo ba ne. Allah Ya hana mu bin abin da ba mu da ilimi a kansa a Suratul Isra'i aya ta 36, kuma bai ware maganar da ta shafi waɗanda ba Musulmi ba.

Akwai kuma wa'azi kansa. Lokacin da Annabi ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, abin da ya fara gaya masa shi ne zai je wurin mutane ma'abota littafi, sannan ya tsara masa abin da zai fara kiransu zuwa gare shi. Sai da aka sanar da shi su wane ne kafin a ce ya yi magana. Da Kirista ba sai ka tabbatar da samuwar Allah ba, zancenku kan kaɗaitakarSa ne da matsayin Annabi Isa. Da Bamaguje zancenku kan iskoki ne. Da mabiyin Buda ko Jain kuwa dole ka koma can tushe, kan ko sarƙar sababai za ta iya tafiya baya ba iyaka. Mai wa'azin da ya je musu da “ai kun riga kun yarda da Mahalicci” zai gama jawabinsa bai taɓa inda suke ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Malaman Islamiyya da masu hawa mumbari su gyara jimlar, su ce mafi yawan addinan da muka sani sun yarda da Mahalicci, wasu kuma ba su yarda ba, ga hujjarmu a kansu. Sassan nazarin addinin Musulunci na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Alƙalam suna da malaman da suka karanci kwatanta addinai, kuma abin da ke cikin laccocinsu ya kamata ya fito zuwa rediyo da zaurukan karatu cikin Hausa mai sauƙi. Ɗaliban da suka dawo daga Indiya da Sin da Malesiya kuma a zaunar da su a tambaye su abin da suka ji a can, da tambayoyin da aka yi musu suka kasa amsawa, sannan malamai su amsa su ɗaya bayan ɗaya tun kafin ƙannensu su hau jirgi.